Hawan Dutsen Nur da sammako: amsoshin tambayoyin da ba sa ƙarewa

Duk lokacin da ayarin Umra ya sauka, tambayoyin nan ne dai ke yawo a masaukan alhazanmu na Misfala da Kudai da titin Ibrahim Khalil a Makka. A amsa a mota, a amsa a bakin otal, gobe wasu su iso a sake daga farko. To ga su a rubuce. Wanda zai bi jagora zuwa Kogon Hira da ke kan Dutsen Nur ya karanta tun da dare, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina dutsen yake?

Arewa maso gabas da Harami, wajen kilomita 5. In babu cunkoso, minti 15 zuwa 20 ne a mota. Ka ce wa direba Jabalun Nur, ya sani.

Hawansa yana cikin aikin Hajji ko Umra?

A'a. Ba rukuni ba ne, ba wajibi ba ne, ba sunna ba ce. Wanda bai hau ba babu fidiya a kansa, kuma Umrarsa ba ta ragu da komai ba. Ana zuwa ne don a ga wurin da Manzon Allah (SAW) yake keɓewa, inda Mala'ika Jibrilu ya zo masa da ayoyi biyar na farkon Suratul Alaƙ a watan Ramadan, shekarar 610 Miladiyya, yana ɗan shekara 40. Wannan kaɗai ya isa dalili, ba sai an ƙara masa gishiri ba.

Zan iya hawa da silifas?

Kada ka soma. Silifas ɗin da kake zuwa Harami da shi na kan tayil ne. Matakalan dutsen ba tsayinsu ɗaya ba, wasu sun sha ƙafa har sun yi santsi, ga tsakuwa a kai. Da ƙafa ta yi gumi sai ta riƙa zamewa a cikin robar, a saukowa kuma nauyin jiki gaba ɗaya ya koma kan 'yar igiyar da ke tsakanin yatsu, ta tsinke, mutum ya ƙarasa hanya ba takalmi. Ka sa kambas mai ƙasan roba, da safa. Kuma ba sabo fil da aka sayo jiya a kasuwa ba, wannan kafin rabin hanya ya ci maka dunduniya. Mai jallabiya ya sa wando a ciki ya tattare ta. Hajiya, abayar da ke share ƙasa ki bar ta a ɗaki. Ke za ki taka ta, na bayanki ma zai taka.

Tsayinsa nawa? An ce kamar Dutsen Dala ne.

Wanda ya gaya maka haka bai hau ba. Ƙololuwarsa ta kai kusan mita 640 daga matakin teku. Abin da ƙafarka za ta hau daga gindi bai kai rabin haka ba, amma duk da haka ka ɗauka bene ne mai hawa 70 ko fiye, babu lifta. Matakala sun haura dubu. Matashi mai ƙarfi minti 45, matsakaicin mutum awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, mai nauyin jiki ko mai shekaru ya ba kansa awa biyu.

Me ya sa sai da jagora, tunda hanya ɗaya ce?

Hanyar ba ta ɓata mutum. Aikin jagora shi ne ya ƙirga kawuna, ya tsayar da ayari a huta kafin wani ya galabaita, ya gane fuskar wanda ya kamata a mayar da shi ƙasa. Ku tambaye shi tun kafin ku biya: mutum nawa zai ɗauka, kuma wa zai tsaya a baya? In ayari ya wuce mutum 10 zuwa 12 kuma babu mai rufe baya, ba jagoranci ba ne, rakiya ce. Ku tambaya kuma ko shi kansa zai hau, don akwai wanda zai yi muku bayani a gindin dutse ya koma mota ya kishingiɗa. Cikin Hausawan Makka da ɗalibanmu da ke karatu a nan ba a rasa wanda ya san wurin, ya kuma san sira.

Mu tashi kafin asuba, ko mu bari sai an idar da salla a Harami?

Wannan ce tambayar da ba ta da amsa ɗaya, kuma duk wanda ya amsa maka ita da kalma guda bai dubi watan da kake ciki ba.

A fara da lissafin agogo. A watan Yuni ana kiran asuba a Makka wajen ƙarfe 4:10, rana ta fito wajen 5:40. A Janairu kuwa asuba wajen 5:40, fitowar rana wajen 7:00. In ka ce sai ka yi salla a Harami, ka sa da jiran iƙama, da sallar gawa da kusan kullum ake yi bayan farilla, da turmutsutsun fita, da tafiyar ƙasa zuwa inda mota za ta iya tsayawa, tunda ana tare hanyoyin kusa da Harami lokacin salla. Wannan duka yakan ci fiye da awa ɗaya daga kiran salla. Ma'ana, da ƙyar ka isa gindin dutsen kafin rana ta leƙo.

A lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, wannan ba matsala ba ce sosai. Ka fara hawa wajen 7:15, ka kai sama kafin 9:00, ka sauko kafin 11:00, rana tana da ɗan zafi amma ana iya jurewa. Mafi yawan mutane wannan tsarin ya fi musu: sun samu jam'in Harami, suna ganin inda suke sa ƙafa, kuma sun yi barci. Sai dai a nan ne layin kogon ya fi tsawo, don kowa dabarar da ya yi ke nan.

Daga Mayu zuwa Satumba magana ta canza. Wanda ya fara hawa ƙarfe 5:45 a watan Yuni zai sauko tsakanin 8:00 da 9:00, lokacin da dutsen ya fara mayar da zafi kamar tanda, kuma inuwa kaɗan ce a hanya. Zafin Makka a wannan lokaci yana wuce digiri 40 kusan kullum. A Hajjin 2024 ya haura 51 a Harami, mutum fiye da 1,300 suka rasu a aikin Hajjin shekarar. Ba abin wasa ba ne. A irin waɗannan watanni, in dai har sai an hau, to a bar masauki wajen 2:30 na dare, a hau cikin duhu da tocila, a yi asuba a sama, a fara saukowa da zarar gari ya yi haske. Amma shi ma wannan yana da nasa sharaɗin. Dole ka tafi da alwala ka kuma riƙe ta, ko ka ɗauki ƙarin ruwa, don babu wurin alwala da za ka dogara da shi a can sama. Wurin tsayuwa ƙunci ne, sai dai a yi jam'i kashi-kashi. Mai raunin gani da dare, ko wanda bai runtsa ba saboda ɗawafin tsakar dare, wannan tsarin ba nasa ba ne. Kuma jagora ya tabbatar tun jiya cewa hanyar a buɗe take a wannan sa'a.

Akwai hanya ta uku da ba a cika kulawa da ita ba: a iso unguwar dutsen kafin kiran salla, a yi asuba a masallacin da ke nan ƙasa, ana sallamewa a kama hawa. Kun samu jam'i, kun samu ruwan alwala, kun kuma ci ribar kusan awa ɗaya a kan wanda ya tsaya Harami. Za a ce to ladan salla dubu ɗari fa? Malamai sun yi saɓani. Wasu sun ce ninkin na masallacin Ka'aba ne kawai, da yawa kuma sun ce ya game dukkan iyakar Harami, dutsen kuwa a cikin iyakar yake. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da barin sallar Harami ba, kuma ya zo da zafi, to ya haƙura da hawan gaba ɗaya. Ya fi masa ya bar abin da ba a ɗora masa ba da ya hau da tsakar rana.

Mai azumi kuma, kada ya hau da safe ko kaɗan. Bayan sahur babu ruwa, saukowar kuma cikin rana za ta kama shi.

Ruwa nawa zan ɗauka?

Lita ɗaya da rabi da sanyi, lita biyu da zafi, kowane mutum da nasa. A jakar goyo, hannu biyu su zama a sake. Kurɓa kaɗan-kaɗan duk inda aka tsaya, ba ka jira ƙishi ya kama ka sannan ka kwankwaɗi rabin gora, ciki ya murɗa. Dabino 5 ko 7 a aljihun jaka. Akan samu masu sayar da ruwa da shayi a hanya, da tsada, kuma ba kullum suke nan da dare ba.

Da gaske akwai birai?

Akwai, kuma sun san leda. Duk abin da ka rataya a hannu cikin leda nasu ne. Rufe abinci a jaka, kada ka ba su komai, in sun fizge kada ka bi su. Fasfo da kuɗi masu yawa su zauna a otal. Ka tafi da katin otal da shaidar bizarka a waya.

Mahaifiyata tana da hawan jini da ciwon gwiwa, amma ta dage sai ta hau.

Ku ji tsoron Allah ku daina kai tsofaffi saman nan don a ɗauki hoto a tura gida. Mai ciwon zuciya, mai asma, mai ciki, mai sugan da ba ya zama wuri ɗaya, mai gwiwar da ke kumbura bayan Safa da Marwa, duk su tsaya ƙasa. Babu keken guragu a matakalan nan, wanda ya faɗi a sama sai an ɗauko shi a hannu.

Kuma ki kwantar wa Hajiya da hankali, ba ta yi asarar zuwa ba. A gindin dutsen akwai unguwar tarihi ta Hira da aka gina a 'yan shekarun nan, da zauren nunin tarihin saukar wahayi, har da kwatancen kogon a ciki, da gidan tarihin Alƙur'ani, da wurin zama da abinci. Ta zauna ta dubi dutsen da idonta, ta yi salati. Sai dai a binciki lokacin buɗe zauren, don ba lallai ya dace da sammakonku ba, kuma da tikiti ake shiga.

In na kai ƙololuwa, na iso kogon ke nan?

Saura. Kogon ba a kan tsororuwa yake ba. Za ka gangara kaɗan ta ɗaya gefen, sannan ka ratsa wani matsatsi tsakanin manyan duwatsu, inda mutum ɗaya ke wucewa a karkace, kafaɗa na gogar dutse, jaka a hannu. Masu shiga da masu fita duk ta nan suke bi, shi ya sa a nan ake ture-ture. Bari na ciki su fito tukuna. Kogon kansa bai kai mita 4 a tsawo ba, faɗinsa wajen mita ɗaya da rabi. Mutum biyu ko uku sun cika shi. Ka tsaya a bakinsa ka dubi duwatsun da suka jingina da juna suka yi rufi, ka ji iskar asuba, ka hango hasumiyar agogo can ƙasa inda Ka'aba take. Sannan ka tuna cewa Annabi (SAW) yakan yi darare a nan shi kaɗai da ɗan guzurinsa, in ya ƙare ya sauka wurin Nana Khadija ya ƙaro, a lokacin da babu matakala ko ɗaya. Minti biyu ya ishe ka. Akwai mutum ɗari a bayanka.

Raka'a nawa ake yi a ciki?

Babu wata salla da aka keɓe wa kogon. Ka kuma lura da lokaci: a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta ba a nafila bayan sallar asuba har sai rana ta ɗaga, kamar minti 15 zuwa 20 bayan fitowarta. Shafar dutse, ɗaure ƙyalle, ɗibar tsakuwa a kai gida, rubuta sunanka da na garinku da fenti, duk ba su da asali, kuma ɓata wuri ne. Gorar da ka sha, ka sauko da ita.

Jibi za a fita Mina, gobe mu hau?

A'a. Cinyoyinka za su yi tsami kwana biyu zuwa uku, ga Arfa da Muzdalifa da jifa suna jiran ƙafafun nan. Bayan an gama Hajji, in da sauran ƙarfi.

Saukowa ai sauƙi ne ko?

A nan aka fi jin ciwo. Huhu ya huta amma gwiwa ce ke ɗaukar duka, ƙafa ta gaji tana rawa, mutum kuma yana sauri don ya ga mota a ƙasa. Taka a karkace inda matakala ta yi tsayi, riƙe ƙarfe ko bango inda akwai, waya ta koma aljihu. Wanda ya ji jiri, ko tashin zuciya, ko gumi ya ɗauke masa alhali jikinsa zafi rau, a zaunar da shi a inuwa nan take, a jiƙa masa kai da wuya, a kira 911. Kada a ce ya daure saura kaɗan.

Yaya maganar mota da kuɗi?

A gama ciniki kafin a shiga: kuɗin na zuwa da dawowa ne ko na zuwa kawai, direba zai jira ko zai dawo, kuma ƙarfe nawa. Ku ce masa awa huɗu, kada ku ce biyu don a rage muku, daga baya a yi ta cacar baki a kan kuɗin jira. Ku karɓi lambarsa, ku ɗauki hoton lambar motar. In ya tafi ya bar ku, Uber da Careem suna aiki a Makka.

Za mu iya haɗawa da Kogon Saur a rana ɗaya?

A mota ku je gindinsa, ku ji tarihin darare uku da Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar suka yi a ciki lokacin hijira a 622, babu laifi. Hawa kuwa a'a. Dutsensa yana kudancin Makka, ya fi Dutsen Nur tsayi da wuya, kuma lokacin da za ku isa rana ta riga ta take. Ku ware masa tasa asubar, bayan hutun kwana biyu aƙalla.