Kafin Ka Sa Hannu a Gwajin Maganin Kitsen Hanta

Kanawa ba su manta da 1996 ba, shekarar annobar sanƙarau, lokacin da aka yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 a Asibitin Zana, daga baya iyaye suka kai ƙara cewa ba a yi musu bayani ba. Har yau mutanenmu na ja da baya in aka ambaci gwaji, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai ta gwaji ake samun magani. Kitsen da ke taruwa a hanta, wanda ya fi kama masu ƙiba da masu ciwon suga, bai samu maganinsa na farko a Amurka ba sai a Maris 2024, da ƙasar ta amince da maganin Rezdiffra bayan an gwada shi a kan masu sa kai.

A Najeriya, sashe na 32 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana yin bincike a jikin mutum sai da amincewarsa a rubuce, bayan an faɗa masa manufar binciken da abin da zai iya yi wa lafiyarsa. Kwamitin ɗa'ar bincike sai ya amince da tsarin tukuna, maganin kuma NAFDAC ce ke ba da izinin gwada shi.

Kalmar "bayan an faɗa masa" ita ce zuciyar dokar. A babban gwajin Rezdiffra an tsakuri ɗan naman hanta da allura kafin a shigar da mutum, aka sake bayan makonni 52, kuma wannan aiki na iya jawo zubar jini. Wasu mahalartan ƙwayar da babu magani a cikinta suka riƙa sha, ba su sani ba, likitansu ma bai sani ba. Haka tsarin yake, ba ha'inci ba ne, amma haƙƙinka ne ka ji wannan tun farko, da harshen da kake fahimta.

Tambayi wanda zai biya kuɗin jinya idan maganin ya yi maka illa, da ko za ka ci gaba da samunsa in an kammala. Ranar da ka ga ba za ka iya ba, kana da ikon janyewa ko babu dalili, kuma asibiti ba shi da hurumin rage maka kulawa saboda haka.