Me ake nufi da "tiyon matsarmama" ga mai ciwon daji?

A Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, ko a na Tarayya da ke Gombe, idan likita ya duba hoton cikin majinyaci ya ce "hanyar matsarmama ta toshe, sai an sa tiyo", yawanci dangi kan ce to, sannan su fito baranda su hau tambayar juna. Wani ya ce tiyata ce, wani ya ce irin robar fitsari ce, wata ta ce tunda har za a sa tiyo ai an gano maganin ke nan. Duk cikinsu babu wanda ya dace.

Duk wanda ya taɓa gyaran kayan cikin rago ranar Sallah ya san 'yar koriyar jakar nan da ke manne da hanta, wato matsarmama, wadda ake kaffa-kaffa da ita kar ta fashe ta ɓata nama. Ita jakar ajiya kawai take yi. Hanta ce ke haɗa ruwan da ke cikinta, rabin lita ko fiye a kullum, ya bi ta siraran hanyoyi da ke haɗuwa su zama hanya ɗaya, wadda ke ratsa kan fankiriyas (wata gaɓa da ke bayan tumbi) ta zube a farkon ƙaramin hanji. Ruwan yana taimakawa wajen narkar da maiƙo, kuma ta cikinsa jiki ke zubar da wani datti mai launin rawaya da ake kira bilirubin, wanda ke fitowa daga jajayen ƙwayoyin jini idan sun gama kwanakinsu wajen 120.

Dajin kan fankiriyas, ko na hanyar kanta, ko na jakar matsarmama, ko wanda ya yaɗo daga wani wuri, yana iya matse hanyar har ta rufe. Sai ruwan ya rasa mafita ya koma cikin jini. Ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, bayan gida ya yi fari-fari, ga ƙaiƙayi mai hana barci, har mutum ya sosa jikinsa ya yi jini. Sau da yawa da farko babu ciwon ciki ko kaɗan.

Nan ne muke asarar lokaci. Da an ga ido ya yi rawaya sai a ce shawara ce, a jiƙa saiwar rawaya, a hana mutum mai da nama, a yi ta jira. Shawara alama ce, kuma abubuwan da ke kawo ta suna da yawa: ciwon hanta, farfashewar jini irin ta masu sikila, tsakuwa a matsarmama, da kuma ƙari. Wadda toshewa ta kawo, babu jiƙon da zai buɗe ta, sai dai ya ƙara wa hantar da ta riga ta jigata aiki. Dattijon da idonsa ya yi rawaya, bayan gidansa ya yi fari, yana kuma ramewa, hoton ciki yake bukata cikin gaggawa.

Tiyon iri biyu ne, kuma ya kamata mai jinya ya san wanne aka sa wa nasa. Akwai na ciki, wanda likitoci ke kira sitent. Ana zura na'ura mai kyamara ta baki, ta wuce tumbi, ta kai bakin hanyar, a tura ɗan gajeren bututu ya buɗe wurin da ya matse. Wannan aikin shi ne ERCP. Ba a ganin komai a waje, ruwan ya ci gaba da sauka hanji yadda ya saba. Na roba ya fi sauƙin kuɗi amma yakan toshe bayan kamar wata uku, na ƙarfe ya fi daɗewa ya kuma fi tsada.

Na biyun shi ne na waje, da likitoci ke kira PTBD, wanda ke shigowa da mai jinya cikin aikin kai tsaye. Ana huda fata, yawanci ta gefen dama wajen haƙarƙari, a bi ta cikin hanta da taimakon na'urar hoto, a bar siririn tiyo da ke zubo ruwan cikin leda a waje. Wani lokaci tiyon yakan wuce wurin toshewar har hanji, yadda daga baya likita zai iya rufe bakin waje a huta da ledar.

Da wannan ledar ake komawa gida. Da safe 'yar da ke jinya za ta wanke hannu da sabulu, ta buɗe bakin ledar ta ƙasa ta juye a kofin awo, ta ɗaga ta dubi launin, ta rubuta a littafi: ƙarfe 7, mililita kaza, kore-kore. Daga ruwan ɗorawa zuwa kore mai duhu duk daidai ne. Sai ta duba bandejin ko ya jiƙe, ta bi tiyon da ido ko ya lanƙwashe a ƙarƙashin zani, ta maƙale ledar da fil a cikin riga, ƙasa da inda tiyon ya shiga jiki, don kar ruwan ya koma. "Baba, kar ka kwanta ta wannan gefen." Za ta faɗa sau nawa a rana, Allah kaɗai ya sani. Wankan soso da tsumma ya fi, ba a kwara ruwa a kan bandeji. Wanke cikin tiyon da sirinji da ruwan gishirin asibiti kuwa, sai wanda nas ta koya wa hannu da hannu, da yawan da likita ya ce, kuma idan ruwan ya ƙi shiga ba a tilasta shi.

Littafin nan da wasu ke gani kamar ɓata lokaci shi ne ke fara nuna matsala. Ledar da ta saba cika ta wayi gari babu komai, ko ruwan ya fara tsiyaya ta gefen tiyo, ko ido ya sake yin rawaya: toshewa ce ko gocewa.

Abin da ya fi komai haɗari zazzaɓi ne. A nan Bauchi da Gombe, da jiki ya yi zafi sai a aika yaro kemis ya sayo maganin maleriya. Ga mai tiyo ko sitent, zafin jiki da ya kai 38, da karkarwa, da ciwo a gefen dama, yana iya zama ƙwayoyin cuta ne suka shiga hanyar da ta toshe, kuma cikin awoyi suna iya shiga jini. Ko da tsakar dare ne asibiti ake nufa, ba a jiran ranar ganin likita. Haka idan majinyaci ya fara ruɗewa ko yawan barci, ko aka ga jini a leda. Idan tiyon ya fita, kar a yi ƙoƙarin mayar da shi. A rufe wurin da bandeji mai tsabta a tafi nan take, domin hudar tana saurin rufewa.

Sai maganar ƙishi. Abin da ke zuba a leda ruwan jiki ne da gishirinsa, kuma a zafin Maris zuwa Mayu mutum kan bushe ba a ankara ba. A yawaita ba shi ruwa da kunu, a tambayi likita batun ruwan gishiri da sukari. Abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi kwano guda, maiƙo kuma gwargwadon abin da cikin ya ɗauka. Batun azumi, a ji ta bakin likita kafin Baba ya ɗaura niyya, don dattawanmu ba sa son a ce sun sha.

Bayan 'yan kwanaki ƙaiƙayin kan lafa, cikin makonni ido ya washe, cin abinci ya dawo. Masu zuwa dubiya su ce ai ya warke, har a fara maganar a cire tiyon. Ƙarin yana nan inda yake. Abin da tiyon ya yi shi ne sauƙaƙa wahala, da sauko da bilirubin yadda za a iya ba da maganin daji ko a yi tiyata ga wanda za a iya yi wa. A ganina gara likita ya zaunar da manyan gida ya gaya musu wannan tun ranar farko, don su san a kan me za a kashe kuɗin da aka haɗa.

Tiyon waje ma ba na dindindin ba ne, akan canza shi duk wata biyu zuwa uku. Ba kowane asibiti ke da na'urar da ƙwararren da ke wannan aikin ba, shi ya sa akan tura mutane wani gari. Wanda zai koma Kaltungo ko Misau ko Dukku da majinyaci, kafin ya karɓi takardar sallama ya tambaya: wane iri aka sa, yaushe ne canji, a ina, nawa ne, ina ake samun leda da bandeji, kuma idan zazzaɓi ya zo da dare wane asibiti mafi kusa ne zai iya karɓarsa.