Waiwaye: Ƙaramar madatsa, namun daji da masu kwana a gangare

Rajistar madatsun ruwa ta ƙasar Amurka na ɗauke da madatsai sama da 90,000, kuma kusan kashi biyu cikin uku ba na gwamnati ba ne. Na manoma ne, da masu kiwo, da ƙungiyoyin masu gidaje, da makarantu, da kamfanoni. Yawancinsu tarin ƙasa ne da aka dandaɓe aka tare wani rafi da shi. Rajistar ma ba ta kama duka ba, domin galibi sai madatsa ta kai ƙafa 25 a tsayi, ko ta tara ruwa mai yawa, ko kuma akwai rayuka a ƙasanta, kafin a rubuta ta. Ƙananan tafkunan gona da ba su kai wannan mizani ba sun kai miliyoyi.

Gardamar da ake yi a kansu ta daɗe. Mai madatsa yana ganin tafkinsa ya zama matattarar agwagin daji da zalɓe da kwaɗi da barewa, sai injiniyan hukuma ya zo ya ce a sare itatuwa, a toshe ramuka, a cire ragar da ke tare kifi. Shi yana kallon injiniyan a matsayin maƙiyin halittu. Injiniyan kuwa tarihi yake tunawa.

Tarihin ya faro ne tun 1889, kuma abin mamaki, da wata madatsa ya faro wadda aka riƙe saboda kamun kifi da farauta. Jihar Pennsylvania ce ta gina madatsar South Fork domin ba hanyar jiragen ruwa ruwa. Da jirgin ƙasa ya kashe wannan sana'a, madatsar ta yi ta sauya hannu, har a 1879 ta faɗa hannun wata ƙungiyar attajirai masu shaƙatawa, irin su Andrew Carnegie da Henry Clay Frick da Andrew Mellon. Bututun ƙarfen da ake rage ruwa da su daga ƙasa an riga an cire an sayar, kuma ba a mayar ba. Ƙungiyar ta rage tsayin bangon domin kekunan doki su samu hanya mai faɗi a kansa. Ta zuba kifi a tafkin, sannan ta kafa raga a bakin mafitar ruwa don kada kifin ya tsere. Ranar 31 ga Mayu 1889, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, tarkace ya toshe ragar, ruwa ya haura kan bangon ya cinye shi. Mutum 2,209 suka mutu a garin Johnstown da kewaye. Kotu ba ta kama ƙungiyar da laifi ba, an ce ikon Allah ne. Fushin da hakan ya jawo na cikin abin da ya sa kotunan jihohi da dama suka koma ga ƙa'idar nan ta shari'ar Ingila ta 1868, wadda ta ce wanda ya tara ruwa a filinsa shi ke da alhakin ɓarnar da zai yi idan ya kuɓuce.

Duk da haka ba a daina gini ba, sai ma ƙaruwa da ya yi. Bayan fari da guguwar ƙura ta shekarun 1930, an kafa hukumar kare ƙasar noma a 1935, ita kuma ta shiga ƙarfafa wa manoma gwiwa su haƙa tafkuna: a shayar da dabbobi, a rage zaizayar ƙasa, a kiwata kifi. Dokar 1954 ta kula da magudanan ruwa ta ƙara buɗe ƙofa, aka gina ƙananan madatsai wajen dubu goma sha biyu da taimakon gwamnatin tarayya, akasari da nufin su yi shekara 50.

A nan dole a yi wa masu tafkunan adalci. An yashe fadamu masu yawa an mai da su gonaki, kuma waɗannan tafkuna sun maye wani ɓangare na gurbin. A filayen kiwo na Dakota da Montana agwagin daji na ƙyanƙyasa a bakinsu. A Kalifoniya, wani kwaɗo mai jan ƙafa da ke fuskantar barazanar ƙarewa ya samu mafaka a tafkunan shayar da shanu, har hukumar kula da kifi da namun daji ta sassauta wa makiyaya doka a kan ayyukansu na yau da kullum, don kada su gaji su cike tafkunan. Wanda ya ce madatsarsa na raya halittu ba ƙarya yake ba.

Shekarun 1970 ne suka tashe mutane daga barci. A Fabrairun 1972 madatsar tarkacen kwal ta wani kamfani ta ɓalle a Buffalo Creek, jihar West Virginia, ta kashe mutum 125. A watan Yuni na shekarar, tarkace ya toshe mafitar madatsar Canyon Lake a ambaliyar Rapid City, inda mutum 238 suka rasu. Majalisa ta yi dokar binciken madatsai a watan Agusta, amma kuɗin binciken bai zo ba, lissafi kawai aka yi. Sai daren 6 ga Nuwamba 1977, lokacin da madatsar Kelly Barnes a jihar Jojiya ta fashe a kan harabar wata kwalejin koyar da Baibul da ke ƙasanta, mutum 39 suka mutu, da yawansu yara. Madatsar ba ta wuce ƙafa 40 ba, ta kwalejin ce, an yi ta ƙara mata tsayi a kan tsohon gini na 1899, kuma itatuwa da ciyayi sun rufe jikinta. Jojiya ce mahaifar Shugaba Jimmy Carter. Ya umarci injiniyoyin soja su duba madatsan da ba na tarayya ba masu haɗari ga rayuka. Daga 1978 zuwa 1981 sun duba kusan 8,800, suka tarar wajen kashi ɗaya cikin uku ba su da aminci. Daga nan jihohi suka yi ta kafa dokokinsu, jami'ansu suka haɗa ƙungiya a 1984, aka kafa shirin tarayya da doka a 1996.

Me ya sa injiniya ke tsoron itace? Duk madatsar ƙasa tana tsiyaya, wannan ba aibi ba ne muddin ruwan da ke fita garau yake kuma bai ƙaruwa. Haɗarin yana farawa ne idan ruwan ya samu hanya ya fara ɗaukar ƙasa. Saiwar itace tana ratsa bangon, in itacen ya mutu saiwar ta ruɓe ta bar kafa. In iska ta tumɓuke shi, ya tafi da guntun bangon. Ɓeran ruwa yana fara raminsa a ƙarƙashin ruwa ya haura ciki, ta yadda mai tafiya a kan bangon ba zai ga komai ba sai ranar da ƙafarsa ta burma. Dabbar nan biba, mai tare ruwa da itace, da ta ji ƙarar ruwa a bakin bututu sai ta toshe shi a dare ɗaya. Ga kuma duhuwar sarƙaƙiya, wadda ke ɓoye wurin da ya jiƙe, da tsagewa, da ɗan idon ruwa mai laka a gindin bango, alamar da ke nuna cikin madatsar ya fara zubewa. Shi ya sa ake son gajeriyar ciyawa da ake yanka a kai a kai. Sare babban itace ma ba aikin gatari kawai ba ne, domin sai an tono saiwar an cike gurbin an dandaɓe.

A ganina gardamar ta fi yawa a baki fiye da a ƙasa. Bangon da mafitar ruwa ɗan ƙaramin yanki ne na wurin. Gaɓar tafkin, da wutsiyarsa mai ƙarancin zurfi inda rafi ke shigowa, da dajin da ke kewaye, nan ne halittu suka fi zama, kuma babu injiniyan da ya hana su. Abin da ake roƙo kawai shi ne a bar bangon a matsayinsa na gini.

Inda abin ya fi wuya shi ne batun tsayin ruwa. A Michigan, madatsar Edenville ta wani kamfani ce mai zaman kansa, kuma ta fi waɗanda muke magana a kai girma nesa ba kusa ba. Hukumar tarayya ta soke lasisinta na samar da wutar lantarki a 2018 saboda mafitar ruwanta ta yi kaɗan. Jihar kuma ta kai kamfanin ƙara a kan cewa rage ruwan tafkin da ya yi a lokacin sanyi ya kashe halittun ruwa masu ƙwanso. Ana cikin wannan, ranar 19 ga Mayu 2020, bangon ya zame, aka kwashe mutum wajen dubu goma. A Hawayi kuwa, madatsar Ka Loko ta kashe mutum 7 a 2006 bayan an cike mafitarta da ƙasa, kuma a wannan karon mai ita ya yi zaman kurkuku.

Akwai wani abu da masu ƙananan madatsai ba su cika lura da shi ba. Matakin haɗarin da hukuma ke ba madatsa ba ya nuna lafiyarta, yana nuna abin da ke ƙasanta ne. Madatsar da aka gina a 1960 a saman makiyaya ana lissafa ta cikin masu ƙaramin haɗari. Ranar da wani ya gina gida a kwarin, ta koma mai babban haɗari ba tare da mai ita ya taɓa ko da shebur ɗaya ba, kuma faɗaɗa mafita da rubuta shirin gaggawa duk a wuyansa suke. Kuɗin yakan fi ƙarfin manomi ko 'yan unguwa. Wasu suna rage tsayin bangon har ya fita daga mizanin doka, tafkin ya koma fadama marar zurfi, wadda tsuntsayen ruwa da kwaɗi suka fi so ma. Wasu suna rushewa gaba ɗaya rafi ya koma hanyarsa: an cire madatsai sama da 2,000 a Amurka tun daga 1912, mafi yawansu ƙanana, kuma akasarin aikin an yi shi ne daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau.