Cutar Duhring (ƙurajen fata masu alaƙa da gulutin)

Cutar Duhring, wadda likitoci ke kira dermatitis herpetiformis, ciwon fata ne mai daɗewa da ke fitowa da ƙananan ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayi mai tsanani. Louis Duhring, likitan fata a Filadelfiya ta ƙasar Amurka, shi ne ya fara bayyana ta a 1884. Sai a shekarun 1960 aka gano cewa tushenta yana cikin hanji: fuska ce ta cutar siliyak, wato rashin jituwar jiki da gulutin, sinadarin furotin da ke cikin alkama da sha'ir da hatsin rai (rye).

Idan mai cutar ya ci gulutin, garkuwar jikinsa kan samar da sinadarin kariya nau'in IgA, wanda jini ke kwasowa ya jibge a saman fata ta ciki, sai wurin ya kumbura ya yi ƙuraje. Akwai gado a lamarin, domin kusan duk masu ita suna ɗauke da ƙwayar halitta HLA-DQ2 ko DQ8. Ba a ɗaukar ta daga wani. Ta fi yawa a arewacin Turai, musamman Finland, kuma ba kasafai ake ganin ta a Afirka ba.

Yawanci tana farawa ne bayan mutum ya manyanta, amma tana kama yara da matasa. Ƙurajen kan fito a gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, ɗuwawu, baya da fatar kai, dama da hagu daidai wa daida. Sau da yawa likita ba ya tarar da ƙurjin da ruwansa, saboda an riga an sosa shi ya fashe, sai ɓawo da tabo. Shi ya sa ake yawan ɗaukar ta a matsayin ƙazuwa, musamman a wajen ɗalibin makarantar kwana, a yi ta shafa masa magani ba sauƙi, abokai kuma su riƙa gudunsa ba gaira ba dalili. Da yawa daga masu cutar ba sa jin ciwon ciki, duk da haka hanjin yana lalacewa a hankali, abin da kan jawo ƙarancin jini da jinkirin girma. Ana tabbatar da cutar ta hanyar yankar ɗan ƙaramin yanki na fata daga gefen ƙurjin, a duba shi a ɗakin gwaji.

Maganin dapsone, wanda aka sani wajen jinyar kuturta, yana kwantar da ƙaiƙayin cikin kwana biyu zuwa uku. Amma yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini ga masu ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare waɗannan ƙwayoyin, matsalar da ta yawaita a Afirka ta Yamma, don haka wajibi ne a yi gwajin jini kafin a fara sha. Kuma ba ya gyara hanji.

Ainihin magani shi ne barin gulutin har ƙarshen rayuwa, kuma fata kan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara biyu, kafin ta lafa da wannan kaɗai. Ga matashi wannan ba ƙaramin abu ba ne: burodi, taliya, gurasa, fanke, funkaso, alkaki, cincin da lemon malt duk sun fita daga lissafi. Ko ɗanwake sai an tambaya, tunda yanzu ana yawan haɗa shi da fulawa. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo da doya ba su da gulutin, muddin ba a niƙa su a injin da aka niƙa alkama ba.