Babbar Taya Ba Ita Ke Ƙara wa A-Kori-Kura Ƙarfin Ɗaukar Kaya Ba

Direbobinmu masu jigilar tumatir da albasa daga kasuwar Mile 12 da ke Legas sun daɗe da yarda cewa in dai taya ta hau rim, to girma ya fi, mota za ta ƙara jure lodi. Masu sayar da tayar tokumbo a kasuwar kayan mota ta Ladipo kuwa ba za su musa maka ba, ciniki suke nema.

Dubi rubutun gefen taya, misali 265/65R17 da ke zuwa da Hilux da yawa. 265 faɗinta ne a milimita, 65 tsayin gefenta ne, kashi 65 cikin ɗari na faɗin, 17 kuma girman rim a inci. Babu ɗaya da ke maganar nauyi. Wannan aikin lambar da ke biye ne: 112 na nufin kilo 1,120 a kan kowace taya.

Ka sa 265/70R17 a rim ɗin, za ta zauna daram, amma tsayinta ya ƙaru da kusan milimita 26. Mitar gudu ta nuna 100 alhali kana gudun 103. Tashi a go-sulo ya yi nauyi, shan mai ya ƙaru, in ka lafta buhuna ka faɗa ramin titin Agege, taya na iya gogar madigadi. Taya mai faɗi a siririn rim kuma tsakiyarta ke fara cinyewa.

Girman da kamfani ya amince da shi, har da awon iska, yana manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Shi za ka nuna wa falkanaiza.