Waiwaye: Yadda wasan waya ya tashi daga tebur ya fita titi

Wasan da ake ɗora hoton kwamfuta a kan abin da kyamarar waya ke gani ya girmi Pokémon GO nesa ba kusa ba. Tun a 2005 masu bincike suka gwada AR Tennis a wayoyin Nokia biyu da Bluetooth ya haɗa. Mutum biyu ne za su zauna suna fuskantar juna, a tsakiya an shimfiɗa takarda mai zanen baƙi da fari. Da zanen kyamara ke gane inda fili yake, da wayar kuma ake bugun ƙwallo.

Raunin wannan tsari shi ya ba shi armashi. Hannu ya rufe zanen, ko waya ta karkata da yawa, sai fili ya ɓace. Dole ka sunkuya, ka matsa, ka gyara zama, idonka na kan hannun abokin karawarka, kamar 'yan dara a majalisa.

Kamfanin Niantic ne ya fitar da abin waje: Ingress a 2012, sai Pokémon GO a Yulin 2016, inda GPS ya karɓi aikin takarda, sayyada ta zama wasan. A 2017 aka ƙara wa Pokémon GO farmakin taron dangi, inda 'yan wasa har 20 ke haɗuwa a wuri guda su yaƙi babban dodon wasan. Da korona ta zo a 2020 aka ba da damar shiga daga gida, aka ninka tazarar taɓa tasha, wato wurin da ake zuwa a karɓi kayan wasa, daga mita 40 zuwa 80. Da kamfanin ya so mayar da ita a 2021, 'yan wasa suka yi masa ca, ya janye.

Wayoyin yau, masu ARKit ko ARCore (manhajojin Apple da Google na ɗora hoto a kan abin da kyamara ke gani), sun daina neman takarda. Tabo da zanen ƙasa suke bi. Shi ya sa a Kano tabarma mai launi ta fi tayil mai sheƙi, farin bango kuwa babu abin da kyamara za ta kama a jikinsa. Kafin 'yan wasa biyu su ga abu ɗaya, sai kowa ya haska wuri guda daga kusurwoyi makusanta. Ranar Afrilu tana dafa waya har ta rage gudu, hoto ya riƙa zamewa, GPS kuma yakan kauce a lungunan cikin Birni. Mai saye a kasuwar waya ta Farm Centre ya tambaya ko wayar na ɗaukar ARCore, don ba kowace ba ce. Ga kuma ƙwacen waya: ɗaga ta sama a bakin titi bayan magariba ganganci ne, gara tsakar gida ko harabar makaranta.