Tsufantarwa: yadda ake sa tankar roba ta yi kama da wadda ta sha yaƙi

Masu harhaɗa ƙananan samfuran motocin yaƙi na roba suna da wata kalma da ba ta barin bakinsu, wato weathering. Tushenta kalmar yanayi ce a Turanci, abin da rana da ruwa da iska ke yi wa ƙarfe da fenti idan suka daɗe a waje. A Hausa babu kalmar da ta fi dacewa da ita kamar tsufantarwa. Ana nufin dukan aikin da ake yi wa samfuri bayan an gama fentinsa na asali, don ya daina kama da abin wasan yara, ya koma kamar motar da sojoji suka yi watanni suna hawa suna sauka: koɗewar launi, ƙura, taɓo, tsatsa, ɓantarewar fenti, ɗigar mai da baƙin hayaƙi. Aikin ya fi nauyi idan samfurin zai zauna a diyorama, wato ɗan fagen da ake ginawa a kan allo, da ƙasa da mutane da kayansu, don nuna wani lokaci guda na yaƙi.

Sabon shiga yakan ɗauka tsufantarwa ɓata abu ne da datti. Nan ake yin ɓatan kai. Kowane tabo da ke jikin motar gaske akwai abin da ya jawo shi. Takalmi ne ya goge fentin bakin ƙofa, sarƙa ce ta watso ƙasa a gefe, jarka ce ta zubar da mai kusa da murfin tanki. Tabon da ba za ka iya faɗin dalilinsa ba, ƙazanta ce kawai. Don haka kafin a buɗe kwalbar fenti sai an amsa tambayoyi uku: wace mota ce, a ina take, a wane wata na wace shekara.

Mu ɗauki tankar Jamus Panzer III a hamadar Libiya, kusa da Tobruk, a tsakiyar 1941. Sojojin Jamus sun fara sauka a Tarabulus a watan Fabrairu na shekarar, tankokinsu sanye da fentin Turai, ruwan toka mai duhu da ake wa lamba RAL 7021. A cikin yashi wannan launi tallar kai ne ga abokan gaba, har wasu sojoji suka riƙa kwaɓa ƙasa suna shafe motocinsu da ita. A watan Maris aka ba da umarnin rufe su da rawaya mai ruwan ƙasa, RAL 8000. An yi fentin a gurguje, rana da guguwar yashi kuma suka yi ta cinsa. Ke nan tankar tana da fata uku: jan fentin hana tsatsa na masana'anta a can ƙasa, ruwan toka a tsakiya, rawaya a sama. Inda ta ɗan gogu, ruwan toka ne zai leƙo. Inda ta sha duka sosai ne kaɗai ja ko baƙin ƙarfe zai bayyana. Wanda ya zana mata ɓantarewa da launin azurfa ya tona kansa.

Ma'aunin da ya fi yawa a tankoki shi ne 1/35, wato tsawon samfuri ya zama kashi ɗaya cikin 35 na tsawon motar gaske, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa tun shekarun 1960. Tankar da ta kai mita biyar da rabi takan dawo santimita 16, soja kuma santimita 5. Lissafin nan shi ne linzamin hannu: ɗigon milimita 1 a jikin samfuri daidai yake da tabon santimita 3 da rabi a tankar gaske. Ɓantarewar da ta kai ƙwayar shinkafa ta fi tafin hannun mutum faɗi.

Akwai doka guda ta haɗa fentoci da duk aikin ya rataya a kanta. Fentin asali ya zama akirilik, na tsufantarwa kuma ya zama fentin mai ko inamel, wanda ake tsinkawa da tinar da ake sayarwa da sunan white spirit. Dalili shi ne wannan tina ba ta narkar da busasshen akirilik, saboda haka ana iya shafawa a goge, a sake shafawa, na ƙasa na nan daram. Idan aka yi fentin asali da inamel aka bi shi da tsararon inamel, buroshi zai kwaso duka biyun. Kuma tinar nan tana cin tsirarar roba. Idan ta kwanta a mahaɗar sarƙa ko wani siririn ƙarfen riƙo da fenti bai rufe ba, wurin yakan yi rauni ya karye da kansa. Tinar masu fentin mota kuwa kada ta kusanci samfuri, narkar da shi za ta yi.

Farawa ake yi da wanke samfurin da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, don cire maiƙon masana'anta da na yatsa. Sai firaima, wato fentin farko da ke sa sauran su kama, a bar ta kwana ɗaya. Sai ruwan toka da ƙaramar bindigar feshi, fenti da ruwan tsinkawarsa kusan rabi da rabi, kaurinsa kamar madarar ruwa, ƙarfin iska tsakanin psi 15 da 20 a agogon kwamfureso. Idan fenti ya sauka da gari-gari kamar samfefa, bindigar ta yi nisa, ya bushe a iska kafin ya iso. Idan ya bazu kamar ƙafafun gizo, ya yi ruwa da yawa ko an matso ainun. Ana ɗan sirka launin da fari ko ruwan yashi, kamar kashi ɗaya cikin goma, domin ƙaramin abu ya fi nuna duhu, kuma duk abin da zai biyo baya ƙara masa duhu zai yi.

Ɓantarewa tana da hanyoyi biyu. Ta farko soso: a yago ɗan guntu, a riƙe da hantsaki, a tsoma a fenti, a dangwala a takarda har ya kusa bushewa, sannan a taɓa gefuna da shi. Ta biyu ita ta fi dacewa da tankarmu, don tana kwaikwayon abin da ya faru da gaske. Bayan ruwan tokan ya kwana, a fesa masa feshin gashi na mata, irin mai ƙandarar da gashi, sau biyu sama-sama, a jira minti 10 zuwa 15. A fesa rawayar a kai, siririya, kada ta rufe ruf. Cikin awa guda a jiƙa wuri ɗaya da ruwa, a ba shi rabin minti, a riƙa cakar sa da gajeren buroshi mai tauri. Ruwan yana ratsa rawayar ya narkar da feshin gashin da ke ƙasa, sai fentin ya riƙa tashi ɓarɓashi-ɓarɓashi, gefensa a yage kamar na gaske. Tsinken sakace yana fitar da dogayen ƙarce. Idan feshin gashi ya yi yawa, fenti zai kwaɓe falle-falle har ya tsage. Idan rawayar ta yi kauri ko ta kwana biyu, ko an kankare ba za ta motsa ba. Wuraren da suka cancanta: bakin ƙofofin hasumiyar bindiga, saman madigadi inda ake takawa, murfin inji, da inda ake zaro shebur da gatari. Tsakiyar faffaɗan sulke, inda ƙafa ba ta kaiwa, a ƙyale shi.

Daga nan a rufe da banish mai sheƙi kafin a manna tambura, irin waɗanda ake jiƙawa a ruwa su zame daga takarda. A kan fenti marar sheƙi iska takan maƙale a ƙarƙashinsu, gefen ya yi fari-fari kamar an liƙa leda. Su ma tamburan dole su sha ƙura tare da jikin tankar. Lamba fes a kan tsohuwar tanka abin dariya ne.

Abu biyu ne mutane ke yawan rikitawa, domin dukansu fenti ne da aka tsinka ƙwarai. Na farko lulluɓi, wanda Turawa ke ce wa filter: fenti kashi 5, tina kashi 95, buroshi a ɗan jiƙe kawai, a shafe jiki gaba ɗaya. Aikinsa sauya hasken launi kaɗan, ya haɗa rawaya da ruwan toka su zama kamar rana ɗaya ta dake su. Ba a son ya taru ko'ina, kuma ya fi kamawa a jikin da ba ya sheƙi sosai. Na biyu tsararo, wash a Turance: fenti kashi 15 zuwa 20, ruwan ƙasa mai duhu, a ɗiga da bakin siririn buroshi a gindin noti da layin walda da tsagar ƙofa, ya bi tsagar da kansa. Shi aikinsa inuwa. Yana son jiki mai sheƙi, don a kan marar sheƙi yakan nashe ya bar zobe kamar tabon shayi a riga. Bayan minti 10 zuwa 15 a share abin da ya fita layi da buroshi mai ɗan danshin tina. Baƙi ƙirin bai dace da rawaya ba, yana sa tanka ta koma kamar zanen littafin yara.

Koɗewa da zubar datti kuwa da fentin mai na masu zane ake yi. A matsa shi a kan kwali tukuna, a bar shi awa biyu ko uku kwalin ya tsotse man, in ba haka ba zai yi sheƙi ya kuma ƙi bushewa. A ɗiɗɗiga fari da ruwan yashi da ruwan ƙasa, kowanne kamar kan allura, a ja su da faffaɗan buroshi daga sama zuwa ƙasa a jikin da ke tsaye, a murza su a jikin da ke kwance, har sai an kusa daina ganinsu. A shekarun 1970 da 1980, zamanin da salon François Verlinden na Beljiyam ke tashe, busasshen buroshi ne sarki, ana goga launi mai haske a kowane gefe har ya yi fari. Salon Sifaniya da Miguel Jiménez ya yi fice da shi daga baya ya mayar da hankali kan lulluɓi da garin launi. Busasshen buroshi bai mutu ba, amma wurinsa yanzu tufafin sojoji, buhuna da duwatsu.

Tsatsa ita ce jarabar kowa. Launinta na da daɗin kallo, hannu ba ya son tsayawa. Amma tankar da ke bakin daga ba ta shekara ashirin a bayan gareji ba. Da yawa ba su wuce 'yan watanni ba, kuma hamada ba ta da laimar da za ta ci sulke. Salansa ce ke tsatsa da gaske, saboda zafi yana ƙone fentinta, sai kuma sarƙar safaya da aka rataya a gaba. Sarƙar da ke tafiya launinta ruwan toka ne mai ruwan ƙasa, haƙoranta da inda ƙafafu ke bi a goge sumul. Wannan gogewar da fensir mai laushi ake yin ta, 4B ko 6B, a goga garinsa da yatsa. Bakin tayar da ke kewaye da ƙafafun ba ya tsatsa, kuma ba baƙi ba ne, ruwan toka ne mai duhu da ƙura ta ci.

Ƙura ce ta ƙarshe, kuma a diyoramar hamada ita ce rabin aikin. Wanda ya taɓa duba tifar yashi a lokacin hunturu ya san halinta: tana kwanciya a saman abu, ta cushe lungu, ta yi kauri a ƙasa da baya inda ƙafafu ke tayar da ita, amma gefen da hannu ko wando ke shafa ya fita tas. Ana amfani da garin launi, ko allin zane da aka goga a samfefa, launi biyu ko uku a gauraye, don launi ɗaya yana fitowa lami. A zuba da busasshen buroshi, a taɓa gefen wurin da ɗigon tina, ta bazu ta kama garin ba tare da an motsa shi ba. Banish marar sheƙi kafin ƙura ake fesa shi. Idan ya biyo bayanta, zai haɗiye fiye da rabinta.

Da za a sauya fage zuwa ƙasar Bama (Burma, wato Myanmar ta yanzu) a 1944, inda sojojin Najeriya suka yi yaƙi a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma a kwarin Kaladan da yankin Arakan, lissafin zai juye. Motar a nan jif ce mai koren fenti, kuma taɓo ne zai maye gurbin ƙura: garin launi, garin POP irin na silin, ɗan yashi mai laushi da farin gam na kafinta, a kwaɓa. Busasshen taɓo mai haske a sama, ɗanye mai duhu a ƙasa, a ɗiga wa ɗanyen banish mai sheƙi. Fantsama kuma, a cika tsohon buroshi da kwaɓin, a karce gashinsa da tsinke ta inda taya ke watsowa.

Saura haɗa tanka da ƙasarta. Garin da aka yi ƙurar tanka da shi, shi za a sa a filin da takalman sojoji da ƙasan jarkoki, in ba haka ba kowa zai ga daga wurare daban suka fito. Allon katako a shafe shi da banish ciki da baya kafin a ɗora jiƙaƙƙen POP, don kada ya lanƙwashe. Tun POP ɗin na ɗanye a shimfiɗa siririyar leda, a danna tankar a kai har sarƙa ta ɗan nutse, a tura ta daga baya don ta bar sawu, sannan a ɗage. Panzer III ta haura tan 20, ba ta tsayawa a saman yashi kamar tsuntsu. Idan komai ya bushe aka mayar da ita mazauninta, a haska tocila daga ɗaya gefen a duba ƙarƙashin sarƙa. Duk inda haske ya ratso, a cike da gauren yashi da gam a bakin tsinke.